Bushiya da Kuza: Vom a Inuwar Yaƙe-yaƙen Duniya da Manufofin Tattalin Arziki, 1887 zuwa 2024

1.0 Gabatarwa

Vom gari ne da ke kudu da Jos, cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu a Jihar Filato, wanda 'yan ƙasa, watau Birom, suke kira Vwang. Galibin Hausawa da Fulani sun san sunansa ne ta hanyar allurar shanu, domin a nan ne Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa take tun 1924. A maƙwabtansa akwai Bukuru, hedkwatar haƙar kuza ta da, da kuma Kuru, inda manyan ma'aikatan gwamnati da hafsoshin soja ke zuwa nazarin manufofin ƙasa. Wannan maƙala za ta bi diddigin abubuwa biyu da suka gina wannan yanki, watau shanu da kuza, domin ta nuna cewa bunƙasarsu da faɗuwarsu duk sun rataya ne ga yaƙe-yaƙe da shawarwarin da aka yanke a wurare masu nisa. Za ta kuma nuna cewa gwamnatocin da suka biyo juna sun kula da lafiyar saniya da farashin ma'adini, amma suka yi sakaci da ƙasar da manomi da makiyayi da lebura za su zauna a kanta tare. Wannan sakaci yana cikin tushen rikicin da yankin ya shiga daga shekarun 1990.

2.0 Annobar Bushiya da Kafuwar Cibiyar Vom

Tarihin cibiyar Vom ya faro ne daga gaɓar Bahar Maliya. Sojojin Italiya sun kama tashar jiragen ruwa ta Masawa a 1885, a ƙoƙarinsu na mallakar Iritiriya da Habasha. Shanun da aka shigo da su domin ciyar da waɗannan sojoji a wajajen 1887 su ne suka kawo cutar bushiya. Cikin 'yan shekaru cutar ta ratsa Habasha da Sudan, ta iso ƙasashen Tafkin Cadi da Daular Usmaniyya a wajajen 1890 zuwa 1891, ta kashe mafi yawan shanun da ta tarar. Fulani da dama sun wayi gari ba su da ko ɗan maraƙi, har wasu suka koma noma ko ƙwadago. Wannan masifa ta auku ne shekaru kaɗan kafin Turawan Ingila su ci Kano da Sakkwato a 1903.

Da mulkin mallaka ya zauna, sai Turawa suka ga cewa saniya tana da babban matsayi a lissafinsu. Jangali yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin shiga na baitulmalin masarautu, sa'annan fatu da ƙiraga suna cikin kayan da ake fitarwa zuwa Turai. Duk lokacin da bushiya ta sake ɓarkewa, kamar yadda ta yi a shekarun 1910, jangali kan ragu, kasuwar fata kuma ta rikice. Saboda haka ne aka kafa sashen kula da dabbobi a Zariya gab da Yaƙin Duniya na Farko, daga baya kuma aka mayar da ɗakin bincikensa Vom a 1924, da nufin samar da ruwan rigakafin bushiya.

Zaɓen Vom yana da dalilai. Wurin yana kan tsauni mai tsawon fiye da mita 1,200 daga doron teku, yana da sanyi da ciyawa da ƙoramu, kuma babu ƙudan tsando mai kawo sammore. Hanyar rigakafin farko ita ce a yi wa dabba allurar ƙwayar cutar tare da ruwan jinin dabbar da ta riga ta warke, a tsare garke a sansani na wasu makwanni har zazzaɓin ya wuce. Wasu shanun kan mutu a sansanin, don haka da fari makiyaya sun yi ɗari-ɗari, musamman da yake suna zargin cewa wanda ya ƙirga shanu domin allura zai iya ƙirga su domin jangali. Amma da suka ga garken da aka yi wa huji yana tsira a shekarar annoba, sai suka fara kawo shanunsu da kansu.

Sakamakon wannan aiki ya wuce batun lafiyar dabba. Kafin zuwan Turawa, mutanen tsaunin sun kare kansu daga mayaƙan masarautar Bauchi, kuma makiyaya ba su cika hawowa da garkunansu ba. Birom na noman acca a gonakin da suka kewaye da shingen ƙerana, suna kiwon ƙananan dawaki da gajerun shanu irin na muturu. Zaman lafiyar da bindigar Turawa ta tilasta, da rashin tsando, da kusancin likitocin dabbobi, su suka jawo Fulani suka yi ta hawowa, wasu kuma suka kafa rugage na dindindin. An samu ma'amala mai amfani tsakanin ɓangarorin biyu: makiyayi ya kwana da shanu a gonar manomi bayan girbi domin taki, yaran Birom kuma su yi wa Fulani kiwo a sallame su da ɗan maraƙi. Sai dai wannan zama ya dogara ne ga al'ada da yalwar fili, ba a kuma rubuta wata doka da ta fayyace haƙƙin kowa ba.

3.0 Kuza da Kasuwar London

Hausawa sun san kuza tun kafin Turawa. Masu narkar da ita a Liruwen Kano da Liruwen Dalma sun daɗe suna mayar da ita siraran sanduna da fatake ke kaiwa kasuwanni masu nisa. Waɗannan sanduna ne suka sa Kamfanin Neja ya aiko da masu bincike tun daga 1902, kuma ba da jimawa ba Kanar Laws ya hau tsaunin da rakiyar sojoji. A ƙarƙashin yarjejeniyar da aka yi lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga kamfanin a 1900, an ba shi rabin kuɗin harajin ma'adinan wani babban yanki na Arewa na tsawon shekara 99. Dokokin ma'adinai kuma suka ɗora mallakar abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnati, ta yadda manomi ba shi da abin karɓa illa diyyar amfanin gonar da aka lalata.

Ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta iso yankin Jos da Bukuru a 1914, babbar hanya ta Kafancan kuma ta iso a 1927. Kamfanin NESCO ya samar da wutar lantarki daga magangarar ruwan Kurra domin injinan haƙa. Da yake 'yan ƙasa ba su yi marmarin zama leburori na dindindin ba da farko, sai kamfanoni suka dogara ga 'yan cin rani daga Kano da Katsina da Zazzau da Barno da ƙasar Faransa, waɗanda suka zauna a barikokin da suka bazu a tsakanin ƙauyukan Birom. Daga kudu kuma aka samu akawuna da masu gyaran injina da 'yan kasuwa.

Tun daga wannan lokaci, albashin lebura a Bukuru ya zama abin da kasuwar ƙarafa ta London ke yanke wa hukunci. Da tattalin arzikin duniya ya durƙushe a 1929, farashin kuza ya faɗi warwas. A 1931 aka ƙulla yarjejeniyar ƙayyade haƙa tsakanin Malaya da Boliviya da tsibiran Indonesiya na ƙarƙashin Holan da kuma Nijeriya. An ba kowace ƙasa kason da ba za ta wuce ba, aka sallami dubban leburori, ƙananan kamfanoni suka mutu, manya suka haɗiye su, har aka kai ga kafa babban kamfanin ATMN a ƙarshen shekarun 1930.

4.0 Yaƙin Duniya na Biyu: Aikin Tilas da Man Shanu

A watan Fabrairu na 1942 Japan ta kama Singafo bayan ta mamaye Malaya, watau Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza a daidai lokacin da masana'antun makamai da na gwangwanin abincin soja ke matuƙar bukatarta. Nan take ido ya koma kan tsaunin Jos. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar aikin tilas, aka ɗora wa sarakuna da hakimai na lardunan Arewa nauyin kawo ƙarti. Tsakanin 1942 da 1944 an ɗebo talakawa kimanin dubu ɗari daga gonakinsu. Mutanen da suka saba da zafin Sakkwato ko Katsina sun tarar da sanyin tsauni ba su da bargo, ga ƙarancin hatsi, ga cunkoso a bukkoki. Da yawa sun mutu da ciwon haƙarƙari da zawo, wasu da yawa kuma suka gudu. Haƙar kuza ta kai ƙololuwarta a 1943 da kimanin tan dubu 17, amma ƙarin da aka samu bai kai wahalar da aka sha ba, kuma suka daga majalisar dokokin Ingila ta taimaka wajen soke tsarin a 1944.

Shi dai wannan yaƙi ya taɓa Vom ta wata fuskar. Da jiragen ruwan Jamus na ƙarƙashin teku suka hana shigo da kayan abinci daga Turai, sai sashen dabbobi ya faɗaɗa sayen madara daga matan Fulani, ana sarrafa man shanu da cuku a Vom domin Turawa da sojoji. A farkon shekarun 1940 ɗin ne kuma aka buɗe makarantar horar da malaman dabbobi a garin. Ta haka yaƙi ya ƙara ɗaure makiyayi da tsaunin ta hanyar kasuwar madara, a daidai lokacin da injinan haƙa ke ƙara cinye filayen noma da na kiwo.

Matsin ƙasa ya haifar da farkawar siyasa. Manoman Gyel da maƙwabtansu sun yi ta tirjiya ga ba da sababbin filaye, aka kafa ƙungiyar ci gaban Birom a tsakiyar shekarun 1940, sa'annan a 1947 aka naɗa Rwang Pam sarkin Birom mai kujera a Jos. Gwamnati ta fito da shirin cike ramuka da dashen itatuwan turare, amma abin da aka gyara kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da abin da aka tona. Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 ya sake kawo wata garaɓasa, domin Amurka ta shiga tara ma'adinin kwalambait, wanda ake haɗa ƙarfen injin jirgin sama da shi. Tarkacen da a da ake zubarwa bayan an wanke kuza ya zama dukiya, Nijeriya kuma ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi, kafin Amurka ta daina saye, kasuwar ta kwanta.

5.0 Bayan Mulkin Kai: Nasara da Sakaci

A 1962 aka fara wani babban gangamin haɗin gwiwa na yi wa shanu allurar bushiya, wanda ya faro daga Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, da tallafin ƙasashen Turai da Amurka, ya kuma bazu zuwa wasu ƙasashen Afirka har 1976. Vom na cikin ɗakunan binciken da suka samar da allurar, musamman bayan Walter Plowright ya ƙirƙiro sabon nau'i mai aminci a Kenya. Cutar ta yi sauƙi sosai, shanu suka yawaita. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, amma kaɗan daga cikin wuraren aka tabbatar da su a hukumance, burtaloli kuma suka ci gaba da shiga gonaki.

Zuwan kuɗin man fetur a shekarun 1970 ya juya hankalin gwamnati daga kuza da shanu baki ɗaya. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun sa masu jari na waje sun daina sabunta injina, kuzar da ke kusa da saman ƙasa kuma ta riga ta ƙare, sa'annan ƙarfin naira ya sa abin da ake fitarwa ba ya biyan kuɗin haƙa. Fari na 1972 zuwa 1974 ya koro ƙarin garkuna daga Sahel zuwa tsakiyar Nijeriya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye ga gwamnoni, ba tare da ta warware matsayin makiyayin da ya shekara hamsin a wuri ɗaya, ko na jikan leburan da aka haifa a bariki ba. A 1979 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki a Kuru, a tsakiyar ƙasar da ta fi kowace nuna illar manufar da ba a yi wa dogon tunani ba.

6.0 Shekarun 1980: Faɗuwar Ginshiƙai Biyu

Da gangamin allura ya ƙare, ƙasashe da dama sun daina yi wa 'yan maruƙa rigakafi. Faɗuwar farashin mai ta sa gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982. Ana cikin haka bushiya ta sake shigowa, ta yi mummunar ɓarna a 1983. An yi ta rububin allura, abin da ake da shi bai wadatar ba, kuma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta asarar Nijeriya a waɗannan shekaru da kimanin dala biliyan 2. Kuɗin da aka yi tsimi wajen rigakafi bai kai ko kusa da wannan asara ba. Rigakafi ya fi magani, in ji Hausawa, amma kasafin kuɗin lokacin bai yi aiki da wannan magana ba.

A ranar 24 ga Oktoba, 1985, Majalisar Kuza ta Duniya, wadda ta daɗe tana sayen rarar kuza domin riƙe farashi, ta sanar da cewa kuɗinta ya ƙare. An dakatar da cinikin kuza a London, farashi ya faɗi da kusan rabi. Wannan ya ƙarasa abin da ya rage na manyan kamfanonin tsaunin. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, aka karya darajar naira, aka rage tallafi. Cibiyoyin bincike irin na Vom, waɗanda ke sayen sinadarai da na'urori da kuɗin waje, sun shiga ƙunci, ƙwararru da dama kuma suka nemi aiki a wasu wurare.

Leburorin da aka sallama ba su koma garuruwan kakanninsu ba, domin yawancinsu nan aka haife su. Sun juya ga noman rani a bakin kududdufan da haƙa ta bari, suna shuka tumatir da kabeji da karas da dankalin Turawa. Matasan Birom da suka rasa aikin albashi su ma suka koma ga wannan noma da haƙar hannu. Fadamun da shanu ke sha da kiwo da rani suka zama lambuna. Takin zamani ya rage bukatar manomi ga kashin shanu. Watau mutum uku da a da kowanne ke da hanyar cin abincinsa sun taru a kan fili ɗaya da ruwa ɗaya.

7.0 Daga Matsin Tattalin Arziki zuwa Rikici

Siyasa ce ta ba wannan matsi suna da fuska. Ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa a 1991 ya tayar da muhawarar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, wadda ta kai ga tarzomar Afrilu 1994. Rikicin 7 ga Satumba, 2001, ya bazu daga birni zuwa ƙauyuka. A watan Mayu na 2004 aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar, aka dakatar da Gwamna Joshua Dariye na wata shida. An sake ɓarkewa a Nuwamba 2008 da Janairu 2010. A wannan Janairu ne aka kashe mutane aƙalla 150, galibinsu Musulmi, a Kuru Karama, tsohon matsugunin masu haƙar kuza. A ranar 7 ga Maris na shekarar aka kai hari Dogo Nahawa da ƙauyukan kusa, aka kashe ɗaruruwan mutane, galibinsu Birom Kirista, da yawansu mata da yara. Duk wuraren biyu suna cikin ƙaramar hukuma ɗaya da Vom. Kwamitocin bincike irin na Mai Shari'a Fiberesima da na Mai Shari'a Niki Tobi sun miƙa rahotanni, amma ba a aiwatar da yawancin shawarwarinsu ba.

Addini da ƙabila da neman kujera duk suna da hannu a wannan zubar da jini, kuma tarihin tattalin arziki ba ya wanke wanda ya ɗauki makami. Abin da yake bayyanawa shi ne yadda aka tara jama'a iri-iri a wuri ɗaya domin bukatar jangali da ta masana'antun Turai, sa'annan aka watse aka bar su ba tare da tsarin rabon ƙasa ba.

Ga masu nazarin harshe, akwai abin lura a nan. Barikin kuza da sansanin allura suna cikin wuraren da suka mayar da Hausa harshen hulɗa a tsaunin, tare da kasuwa da coci da makaranta. Kalmomi irin su lebura da helima da bariki da kwangila sun zauna daram a bakin jama'a ta wannan hanya. Birom da Fulani da Ngas da Ibo sun yi ciniki da shari'a da wa'azi da Hausa. Amma tarayya a harshe ba ta hana rabuwa a kan ƙasa ba, har ma kalmar Bahaushe ta ɗauki nauyin siyasa da ya bambanta da matsayin harshen kansa, ta yadda mutum zai yi addu'a da Hausa a cocinsa, ya kuma ƙi a danganta shi da sunan.

8.0 Kammalawa

A 2011 aka bayyana cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa, cuta ta biyu a tarihi bayan agana. Cibiyar Vom, wadda ta cika shekara ɗari a 2024, tana da rabonta a wannan nasara, kamar yadda ta yi aiki lokacin murar tsuntsaye ta 2006 da gwajin cutar korona a 2020. Nasarar ta samu ne domin ƙasashe sun amince da manufa ɗaya, sun zuba kuɗi na shekaru masu yawa, sun kuma saurari makiyaya. Batun ƙasa bai taɓa samun irin wannan haƙuri ba. Shirin sauya fasalin kiwo na 2019 da kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024 sun nuna cewa gwamnati ta sake waiwayar saniya, sha'awar duniya ga ma'adinai kuma ta sake jawo masu haƙa zuwa tsofaffin ramuka. Tarihin Vom ya nuna cewa duk manufar da ta ƙirga shanu da tan-tan na ma'adini, ta manta da iyakar gona da burtali da mashaya da haƙƙin wanda aka haifa a wuri, to ta bar wa na baya bashin da za su biya da rayukansu. Gyaran filayen da haƙa ta lalata, da tabbatar da haƙƙin zama da na kiwo a rubuce, da hukunta masu kisa ko daga wane ɓangare suke, su ne ayyukan da aka ɗage tun zamanin Turawa, kuma har yanzu suna jiran mai yi.